Wucewa ta Gaban Rumfar Baba

Dagumawa, Wudil
Ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na abbatuwa. Yaya Legas, yaya haƙuri da mu? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Inna tana gaishe ka. Baba jiki da sauƙi, hannun hagun ya fara motsi. Jiya da kansa ya riƙe kofin kunu, ko da yake rabi a rigarsa ya ƙare. Maganarsa ma ta fara fita sosai.

Gobe kasuwa, Garzali direba ya ce da yamma zai ɗora shanu ya kamo hanyarku, shi ya sa na zauna rubutu. Ka san tun da aka sallamo Baba daga asibiti wayata ta koma gefen matashinsa, saboda masu kira su yi masa ya jiki. In ka kira a gabansa nake amsawa, shi ya sa ba ka jin komai a bakina sai lafiya lau.

Ciwon nan da na yi bayan tafiyarka ya dawo. Ka yi haƙuri da kalmomin da zan rubuta. Marata tana yi mini nauyi, fitsari yana matsa mini, in na je kuma ɗan kaɗan ne, da zafi kamar an zuba barkono. Inna ta ce sanyi ne, ta jiƙa mini sassaƙe. Na aika kemis an sayo mini kafso, na sha ya lafa, na ajiye sauran. Yanzu ga shi ya sake tasowa.

Akwai kuma wani abu. Ɗakin Baba zafi gare shi, sai aka kafa masa rumfa a gindin dalbejiyar tsakar gida, inda iska take kaɗawa. Nan yake wuni, daga hantsi har magariba, wani lokaci da tsofaffin abokansa masu zuwa dubiya. Rumfar kuwa tana kallon ƙofar bayan gida. Duk mai shiga sai ya bi ta gaban ƙafafunsa da buta a hannu. Ni dai ban iya ba. Sau ɗaya na gwada, na kai tsakiyar gida ya ɗago ido, sai na durƙusa na gaishe shi, na juye ruwan butar a kaskon kaji na dawo. Don haka na rage shan ruwa, ina riƙewa har a shigar da shi ɗaki.

In na kwanta da rana ina karatu, sai in riƙa tunanin wani ɗan gida namu mu biyu, ko da ciki da falo ne a Sabon Gari, mai bayan gida a cikin ɗaki da labule ruwan hoda, irin na wata yarinya a littafin da nake karantawa. Tunani ne kawai.

Ka gaishe da maigidanka.

Taka,
Khaulat

Agege, Legas

Khaulat,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na ji daɗin labarin hannun Baba. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai aiki. Ki gaishe da Inna, ki yi wa Baba ya jiki.

Maganar ciwo, Allah ya sawwaƙe. Ki je asibiti a Wudil ki ga likita, ki bar kemis.

Maganar gida a Sabon Gari kuwa, na karanta ta na maimaita. Khaulat, mahaifina yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ni ne babban ɗansa, ina nan nesa, ke ce idona a gidan. A wannan lokaci za a ji na ɗauke matata na kama mata haya a gari? Me zan ce wa Inna? Baba a gidansa yake, a inuwar bishiyar da ya dasa da hannunsa. Matan gidan nan kafin ke dukansu da bayan gida ɗaya suka yi zamansu. In ɗawainiyarsa ce ta ishe ki, ki faɗa mini kai tsaye, ba sai kin biyo ta labule ba.

Ina ganin littattafan nan ki ɗan rage su. Mutanen ciki ba su da surukai marasa lafiya, in ma suna da su, a jirgi ake fita da su waje.

Na ba Garzali sabulu da man zafi na ƙafar Baba.

Mijinki,
Tasi'u

Dagumawa
Ranar Laraba

Yaya Tasi'u,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Saƙo ya iso, Inna ta gode, kullum da safe tana shafa wa Baba man. An yi yayyafi shekaranjiya, mutane sun fara gyaran gona.

Ban ce ka kama mini haya ba. Ɗawainiyar Baba kuma ba ta ishe ni ba, ni nake dama masa kunu, kuma ina jin daɗi in ya shanye. Na rubuta maka abin da yake damuna a sama, na rubuta abin da nake mafarki a ƙasa, sai ka amsa na ƙasan.

Na je asibiti kamar yadda ka ce. An karɓi fitsarina an gwada, na koma karɓar sakamako. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce kumburin mafitsara ne, kuma ya daɗe, don duk lokacin da na sha kafso na ajiye, ƙwayoyin cutar lafawa suke yi, ba mutuwa ba. Ta rubuta mini magani ta ce in shanye shi tas ko na ji sauƙi. Sai ta ce abu biyu su ne rabin maganin: in sha ruwa da yawa, kuma kada in riƙe fitsari ko kaɗan. Ta ce in na ci gaba da riƙewa, ciwon yana iya hawa ƙoda. Na ce to. Ban gaya mata labarin rumfa ba.

Ka ga inda nake. In na sha ruwan da ta ce, sai na yi ta zirya a gaban Baba kamar mai tallar goro. In ban sha ba, ga abin da ta ce zai faru.

Na gwada ajiye roba mai murfi a bayan ƙofa. Amma ka san ɗakina shi ne ɗakin baƙi yanzu, duk matan da suka zo duba Baba nan Inna take shigo da su saboda kujeru. Ran nan wata ta yi ta shinshina tana tambaya ko ɓera ne ya mutu a bayan kwaba. Na fitar da robar.

Na ɗan taɓa wa Inna zancen. Ta ce ita ma da tana amarya, kakanku a ƙofar ɗaki yake saƙar igiya, haka ta yi ta daurewa. Ta ce ita ba za ta iya buɗe baki ta ce wa mara lafiya ya tashi daga inuwa saboda abin da ba a faɗa ba.

Littattafai kuwa ban rage ba. Su ne suke ɗauke mini hankali daga marata har magariba ta yi.

Khaulat

Agege

Khaulat,

Sallama. Ina fatan kowa lafiya. Kasuwa biyu ke nan motar Garzali ba ta shigo ba, an ce ta lalace a Lokoja. Sauran direbobin Wudil sun zo, babu wanda ya miƙo mini komai. Na kira waya, Inna ta ɗauka ta ce kin kwanta. Na sake kira, ta ce kin shiga gari. In fushi ne, to na ji. Amma shiru ba ya gyara magana. Mamanki ma ta kira ni daga Azare tana tambaya ko lafiya, wai muryarki ba ta yi mata daɗi ba. Ban san abin da kika gaya mata ba.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Tasi'u

Dagumawa
Ranar Alhamis

Yaya Tasi'u,

Sallama da fatan alheri. Baba yana samun sauƙi, ya fara tsayawa da sanda in an riƙe shi. Inna lafiya.

Ba fushi nake ba. Takardata tana aljihun motar Garzali a Lokoja, ina jin za ta iso maka tare da wannan. Ka fara karanta waccan.

Ranar da Inna ta ce maka na shiga gari, asibiti aka kai ni. Zazzaɓi ne ya rufe ni da rawar ɗari, da ciwo a kwiɓina na dama, da amai. Inna ba ta so hankalinka ya tashi. An kwantar da ni, an yi mini ƙarin ruwa da allurai. Likitar nan ta zo zagaye ta gane ni. Ta ce ciwon ya taɓa ƙoda, amma an tare shi da wuri. Ta tambaye ni ko ina shan ruwa. Na ce ina ƙoƙari. Ta dube ni ta rubuta abin da za ta rubuta.

Abin da na lura da shi, kwanakin da na yi a gadon asibiti su ne mafi sauƙi a wurina tun farkon bazara. Bayan gidan yana ƙarshen ɗaki, mata ne kawai, kowa da abin da ya dame ta. Na sha ruwa har na ji daɗinsa.

Yanzu na dawo, rumfa tana nan inda take.

Mama ta zo daga Azare ta kwana biyu. Ta ce in tattara in bi ta in yi jinya a gida har in warke. Na ce ta bari in ji daga gare ka. Na san yadda za a fassara shi a garin nan: miji ba ya nan, suruki yana kwance, mata ta kwashe kaya. Babu wanda zai ce jinya, yaji za a ce. Ni kuma ba na son tafiya. Amma likita ta ce in ya sake hawa ƙoda ba lallai a yi sa'a irin wannan ba. Mama ta ce in wata ya kama ba a canja komai ba, da kanta za ta dawo ta ɗauke ni.

Shi ke nan abin da ke akwai.

Khaulat

Agege

Khaulat,

Wa alaikumus salam. Takardu biyun sun zo tare. Na karanta su a tsaye a bakin mota, Garzali yana tambayata ko rasuwa aka yi. Ki yafe mini. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Na nemi izinin zuwa, maigida ya ce sai bayan Babbar Sallah, yanzu lokacin shanu ne. In na zo zan sa a haƙa miki bayan gida a bayan ɗakinki, da zarar ruwa ya ɗauke. Amma wannan ba zai tare wata mai kamawa ba.

Na ɗauki waya zan gaya wa Baba da kaina. Ya ɗauka, na gaishe shi, ya ce, "Na Kudu, ya aiki?" Kin san ko sunana ba ya faɗa. Mutumin da bai taɓa kallon tsakiyar idona ba, ta ina zan fara yi masa maganar fitsarin matata? Muka yi zancen taki, na kashe.

Amma na tuna wadda za ta iya. Gwaggo Yelwa ta Ɗankaza, 'yar kawun Baba ce, taubashiyarsa. Babu abin da ba ta gaya masa, kuma dole ya yi dariya ya haɗiye, haka wasan yake. Na kira ta na yi mata bayani a taƙaice. Ta yi dariya har da tari, ta ce in bar mata Ƙasimu, wato Baba. Ta ce za ta zo ranar kasuwa. Na roƙe ta ta bi a hankali.

Ki sha maganinki. Ki sha ruwa.

Naki,
Tasi'u

Dagumawa
Ranar Laraba

Yaya Tasi'u,

Sallama. Ina fatan kana lafiya. Jikina da sauƙi, zafin ya ragu ƙwarai. An yi ruwa mai ƙarfi, an yi shuka.

Gwaggo Yelwa ta zo, kuma ba ta bi a hankali ba.

Ta shigo da hantsi, Baba yana rumfa shi da Malam Nu'uman, abokinsa mai gyaran keke. Ina ɗaki, ta taga nake jinsu. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Kai, Ƙasimu, ashe da ranka? Ni da na taho da kwanon karɓar gumba."

Baba ya ce, "Ke za ki riga ni, mai ƙafar tsinke. Wa ya ɗauko ki?"

"Naɗi na zo taya ka murna, tun da ba a gayyace mu ba."

"Wane naɗi?"

"Sarkin Masai mana! Ga fada an kafa a ƙofar bayan gida, ga waziri a gefe." Ta nuna Malam Nu'uman. "Duk mai shiga sai ya faɗi gaisuwa."

Malam Nu'uman ya fashe da dariya, Baba ma ya yi, har yana buga sanda a ƙasa. Da ta tsaya nan, da ina jin ya fahimta shi kaɗai. Sai ta ƙara. Ta ce, "Kana dariya? Ka tsare hanya, 'yar mutane tana ƙunshe fitsari tun safe har magariba don kunyarka, har sai da aka kwantar da ita. Ka zata zazzaɓin sauro ne? Kai ne sauron."

Malam Nu'uman ya tuna yana da keke a rana, ya yi sallama. Gwaggo ta ci tuwo, ta leƙo ta ce mini, "Amarya, na share miki hanya," ta tafi kasuwa.

Kafin azahar Baba ya ce a mai da shi ɗaki. Tun daga ranar bai sake fitowa ba. Inna ta ce a matsar da rumfar, ya ce a bar ta, kuma babu wata inuwar a gidan in ba nan ba. Ɗakin nan kuwa ka san shi, rufin kwano ne babu silin, da rana kamar tanda. 'Yan takun da yake yi daga ƙofa zuwa bishiya da sanda, waɗanda aka ce su ne za su tashi ƙafar, ya daina. Kunun ma in ya ji ni na kawo, sai ya juya fuska bango har in ajiye in fita.

Hanya dai ta buɗe. Ina shan ruwa, ina zuwa duk lokacin da na so, ta gaban gadon rumfar da babu kowa a kai. Jiya na ga Inna tana yi wa Baba fifita da murfin kwali, zufa tana ɗiga daga haɓarta.

Ban san ko wannan shi ne abin da muka nema ba.

Khaulat

Agege

Khaulat,

Sallama. Na ji. Na kira Gwaggo, ta ce ita magani ta ba shi, ba ta ce zai yi zaƙi ba. Na kira Baba, ya ce ɗaki ya fi masa. Na ce zafi fa? Ya ce ya saba. Daga nan ya miƙa wa Inna wayar.

Ban san wanda zan sake aikawa ba. Na so in gyara miki, na ɓata masa. In ƙafar nan ta sandare, ban san yadda zan dube shi ba. Ke ma kuma kada ki koma riƙewa don ya fito, ban yarda ba.

Tasi'u

Dagumawa
Ranar Alhamis

Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki. Gero ya fito. Na koma asibiti an sake gwaji, likita ta ce da ci gaba, amma irin wannan ciwo yana son dawowa, sai na daɗe ina kiyayewa. Na gaya wa Mama ba sai ta zo ba.

Na duba na ga kowa ya yi magana a kan abin nan, kai da Inna da Gwaggo da Mama, ban da mu biyun da abin ya shafa. Ranar Litinin da na kai masa kunu, na ajiye, ban fita ba. Na durƙusa a bakin ƙofa. Yana kallon bango.

Na ce, "Baba, don Allah ka koma rumfa."

Bai motsa ba.

Na ce, "Ba laifinka ba ne, ba ka sani ba. In ka zauna a nan saboda ni, ba zan iya zama a gidan ba, sai dai in tafi Azare, kuma ba na so. Ka fito. Ni kuma zan riƙa wucewa."

Sai ya ce, yana kallon bangon, "Za ki iya?"

Na ce, "Zan koya."

Ya ce, "To, tashi ki je."

Washegari da hantsi ya kira Inna ta kama shi. Ya taka har bishiya, a hankali, ya fi da jan ƙafa. Ya sa aka juya gadon, kai ya koma inda ƙafa take, yanzu katangar maƙwabta yake kallo. Malam Nu'uman ya zo, shi ma aka ce ya zauna ta can ɓangaren.

Na shanye kofi biyu na zauna ina jira. Da lokaci ya yi na ɗauki buta. Ban durƙusa ba, ban gaishe su ba, na wuce. Suna zancen tsutsar da take cin masara, ba su tsaya ba. Na fito, suna kan zancen. Can anjima na sake wucewa, Malam Nu'uman ya ɗan yi gyaran murya, Baba ya tambaye shi kuɗin tayar keke da ƙarfi kamar yana magana da kurma.

Har yanzu ba na jin daɗin wucewar, kuma na san shi ma ba ya ji. Amma ina wucewa, shi kuma yana inuwa.

Da la'asar mai kurar ruwa ya yi sallama a ƙofa. Inna ta ce a juye a babbar randa kamar kullum. Sai na ji Baba daga rumfa, bai waiwayo ba, ya ce wa Inna, "Dije, a fara cika randar ɗakin yarinyar nan."

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Khaulat